Toka biyu masu kama da juna, wacce zan shafa a ɗaki? Tambayoyi da amsoshi

Assalamu alaikum jama'a. Ni mai fenti ne, a nan yankin Ringim nake neman abincina, ƙauyukan da ke tsakaninmu da Taura har Gujungu da wuya a samu inda rolata ba ta shiga ba. Da can in aka kira ka aikin ɗaki ka riga ka sani, ko ruwan madara ko shuɗi ko kore shar, a ja gulos, fentin man nan mai ƙyalli, daga ƙasa zuwa ƙugu, shi kenan an sallame ka. Yanzu kuwa ango ne zai zaro waya ya nuna maka hoton wani falo na Amurka ya ce oga irin wannan ash ɗin nake so, wato ruwan toka, ka duba ka ga hotunan ma biyu ne, shi kansa bai tantance wanne ne wanne ba. Sunaye biyu ne suka fi yawo a wayoyin nan, Agreeable Gray da Repose Gray. Na gaji da maimaita bayani a bakin kasuwa shi ya sa na tara tambayoyin wuri ɗaya.

Malam wai kalolin nan biyu ba abu ɗaya ba ne aka canza musu suna?

Ba ɗaya ba ne ɗan'uwa, amma ba ka yi laifi ba don ka ɗauka haka, wa da ƙani ne. Dukkansu na kamfanin Sherwin-Williams ne, wani tsohon kamfanin fenti na birnin Kilibland a jihar Ohayo ta Amurka da aka kafa tun 1866. Lambar Agreeable Gray SW 7029, ta Repose Gray kuma SW 7015.

Yadda nake kwatanta wa mutane shi ne, ka ɗauki fura ka dama ta da nono mai yawa, wannan farin da ya ja toka-toka amma da ɗan ruwan ƙasa a cikinsa, to Agreeable ke nan. Repose kuma ka leƙa murhu da safe bayan wuta ta mutu, tokar itacen nan da ta kwana ta huce, ita ce. Akwai wani ma'auni da kamfanonin fenti ke rubutawa, LRV, yana nuna yawan hasken da bango ke maidowa, daga 0 baƙi ƙirin zuwa 100 fari tas. Agreeable 60 yake, Repose 58. Ka ga tazarar biyu ce kacal, ido ba zai kama ta ba sai an jera su gefe da gefe. Saboda haka rigimar ba ta wanne ya fi duhu ba ce, ta ɗan launin da ke kwance a ƙarƙashin tokar ce, Agreeable ya karkata wajen rawaya da ruwan ƙasa, Repose kuma in haske ya juya sai ya ɗan leƙo da shuɗi-shuɗi ko wani ruwan makuba-makuba mara ƙarfi.

Na ji ana cewa ɗaya mai ɗumi ne ɗaya mai sanyi. Ke nan mai sanyin zai rage mana zafin bazara?

Ina! Da haka ne ai da tuni na yi kuɗi a watan Afrilu. Agreeable ake ce wa mai ɗumi, Repose mai sanyi, amma ɗumi da sanyin nan a ido ne kawai. Zafin ɗakinka daga kwanon rufi yake saukowa, in kana son sauƙi ka yi silin, ka buɗe taga biyu masu kallon juna, ka dasa darbejiya ta yamma. Fentin cikin ɗaki ba ruwansa.

Ana samunsu a Kano?

Sunayen na kamfanin Amurka ne, mu a nan haɗawa muke yi a kusanto su. Kamfanonin da muke amfani da kayansu irin su Dulux da Berger da Finecoat kowanne da nasa katin kaloli da nasa sunayen, in ka shiga Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari ka ce a ba ka Repose Gray yaron shago zai iya kallonka kawai, ko kuma abin da ya fi muni ya ce akwai, ya miƙo maka duk wani bokitin da aka rubuta ash a jikinsa. Abin da ya fi shi ne ka nemi shagon da ke da injin haɗa kala, ka karɓi katinsu ka fita da shi waje cikin hasken rana, ka zaɓi tokar da ta karkata inda kake so, a haɗa maka, sannan ka sa a rubuta maka lambar haɗin a murfin bokiti da maka. Lambar nan ka riƙe ta kamar lambar asusunka na banki, zan faɗa maka dalili a ƙasa.

Kar ka dogara da hoton waya. Hoto ɗaya ka buɗe shi a wayoyi uku za ka ga kala uku, balle ma masu ɗora hotunan nan sai sun gyara hasken kafin su saka.

Oga ni da kaina na haɗa, na zuba baƙar kala a farin imalshan, sai ya fito kamar shuɗi. Me na yi ba daidai ba?

Ba ka yi komai ba, halin baƙar kala ne. Duk lokacin da ka tsinka ta da fari sai ta ba da toka mai jan shuɗi, shi ya sa yawancin ash ɗin da ake haɗawa da hannu a ƙauye yake fitowa kamar fentin motar gwamnati. Maganinsa rawaya ce, ba rawaya mai ƙyalli irin ta ɗorawa ba, mai duhun nan da ta yi kama da ƙasa. In Repose kake nema ka ɗiga ta kaɗan kawai har shuɗin ya kwanta. In Agreeable ne ka ƙara ta, sannan ka taɓa jar kala da bakin tsinke, da bakin tsinke na ce ba da cokali ba, don ja ba ta da kunya, ɗigo biyu ya wuce sai ka ga ɗakin ya koma ruwan hoda.

Ka fara dama kalar a ɗan kofi da ruwa kafin ka zuba a bokiti, ka juya da sanda har ƙasa sosai. Kuma duk zubi ɗaya ka shafa kaɗan a bango ka jira ya bushe, don imalshan, wato fentin bangon nan na ruwa, yana jiƙe ya fi haske, in ya bushe sai ya ɗan ƙara duhu. Masu gaggawa a nan suke faɗawa rami, su ga kamar bai yi ba su ƙara baƙi, da la'asar su dawo su tarar da ɗaki kamar hadarin Agusta.

Yaya mun shafa da rana ya yi kyau, da dare kuma ya koma wani iri kamar ɗakin asibiti. Fentin ne jabu?

Ƙanwata fentinki lafiyarsa ƙalau, ɗaga kai ki kalli ƙwan da ke saman ɗakin. Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce muhimmanci a wajena kuma ita ce ba a cika yi ba sai aiki ya ɓaci.

Ki duba kwalin ƙwan ko gindinsa za ki ga lamba da harafin K. In kin ga 2700K ko 3000K haskensa rawaya-rawaya ne irin na ƙwan da, in kin ga 6500K fari ne fat mai jan shuɗi. To mu a ƙauyukanmu kusan duk ƙwan sola da fitila mai caji da ake sayarwa ranar Lahadi a Gujungu farin nan ne, mutane ma sun fi son sa don suna ganin ya fi haske. Hotunan da kuke gani na gidajen Turawa kuwa yawanci da ƙwai mai ruwan rawaya ake ɗaukarsu, ga katako a ƙasa, ga manyan tagogi. Repose a irin wannan hasken yana yin kyau ƙwarai, rawayar ƙwan ta cike masa abin da ya rasa. Amma ki kawo shi ƙarƙashin farin ƙwan sola a ɗaki mai taga ɗaya, shuɗi ya hau kan shuɗi, ai dole ki ga asibiti.

Agreeable shi kuma akasin haka yake yi. Farin ƙwan yana cinye ɗan ruwan ƙasan da ke cikinsa sai ya bar miki toka tsantsa mai laushi, wato ainihin abin da kika gani a waya kika ce kina so. Abin dariyar ke nan, sau da yawa wanda ya zo da hoton Repose, Agreeable ne zai ba shi wannan kamannin a ɗakinsa da dare. In kuma kin riga kin shafa mai sanyin kar ki sake sayen fenti, canza ƙwai ya fi arha nesa ba kusa ba, ki nemi mai 3000K ki gwada dare ɗaya tukuna.

Na karanta cewa ɗakin da tagarsa ke kallon arewa kar a sa masa toka mai sanyi. Haka ne?

A wajensu haka ne. Yawancin Amurka tana can sama sosai, Kilibland ɗin ma ta haura digiri 40 daga tsakiyar duniya, rana da tsakar rana kullum ta kudu take musu, tagar arewa ba ta samun rana sai hasken sararin sama mai shuɗi-shuɗi. Mu kuwa Kano da Jigawa wajen digiri 12 muke. Daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen 20 ga Agusta rana da azahar ta ɗan arewa da mu take bi, ka lura da inuwarka a lokacin za ka ga kudu take faɗuwa, sai da hunturu ne ranar take komawa kudu sosai. Don haka dokar tasu ba ta zauna mana daram ba.

Abin da ya fi damunmu gabas da yamma ne. Tagar yamma daga la'asar zuwa magariba jan haske take zubowa, Agreeable a nan yana iya komawa kamar ruwan madara mai duhu har ka manta toka ce, to a irin wannan ɗakin Repose yana da bakin magana. Sannan ka duba abin da ke bayan tagar, in katangar jar ƙasa ce ko tsakar gida mai jan yashi, hasken da zai shigo ya riga ya ɗebo ja.

Wanne ya fi jure ƙura?

Mai ruwan furar. Ƙurarmu ba baƙa ba ce, ja-ja ce mai ruwan ƙasa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuwa ko ka toshe taga da tsumma sai ta shigo. In ta kwanta a kan Agreeable sai ta saje da shi don danginsu ɗaya, a kan Repose kuwa tana fitowa, musamman saman sikatin, wato layin nan na gindin bango, da bayan ƙofa da inda labule ke gogar bango.

Akwai kuma turaren wuta, wanda ba za ka taɓa ganin Bature ya yi lissafinsa ba. Na koma wani ɗakin amarya bayan kamar shekara da na yi masa toka mai sanyi, kusurwar da take ajiye kasko daga ƙasa har silin wani dogon harshe ne rawaya-rawaya, kuma da yake bangon na jan shuɗi sai wurin ya ba da wani kore-kore mara daɗin gani, ta sa hoton bango ta rufe amma saman ya leƙo. Hayaƙin maganin sauro na koyil ma haka yake yi a hankali. Ba na hana kowa turare, ni ma a gidana ana yi, kawai a janye kaskon daga jikin bango kamar taku biyu.

Anti ce za ta yi wa 'yarta jere, kayan gado da sif ruwan ƙasa ne masu duhu, labule ruwan gwal. Wanne zai shiga?

Anti Agreeable za ki sa, ba sai kin yi dogon tunani ba. Ruwan ƙasa, ruwan gwal, ruwan madara, jan kafet, ledar ƙasa mai zanen katako, duk 'yan gidansu ne. Repose ya fi son fararen kaya da baƙi da ruwan azurfa da shuɗi mai duhu, da farin tayil. In kayan da aka saya fari da silba ne irin na yayin nan to shi zai fi fito da su.

Shawarata dai a daina yin fenti kafin a san kalar kayan ɗaki. Dangin ango su yi fenti a ɓoye, dangin amarya su sayi kaya a ɓoye, ranar jere a haɗu a yi ta kallon-kallo. Waya ɗaya tsakanin uwar ɗiya da ango ta isa, a turo ƙyallen labulen ma ya fi, in kara shi a bango in gani.

Gidanmu ginin ƙasa ne, za a iya?

In an yi masa filastar siminti kuma ta kama, za a iya. Kai tsaye a kan yaɓen ƙasa kuwa asarar kuɗi ce, imalshan zai yi fata ya ɓare tare da ƙasar. Irin wannan bangon farar ƙasa ce abokiyarsa, kuma ita ma in ka ɗiga mata baƙar kala da 'yar rawaya tana ba da toka mai kyau, sai dai tana gogewa a jikin riga. Kakanninmu da suke shafe da makuba da laso sun san abin da ƙasa ke karɓa.

Sabuwar filasta kuma a bar ta ta sha iska kamar sati huɗu. Na san biki ba ya jira, amma siminti ɗanye yana cin kala, sai ka ga bango ya yi dabbare-dabbare, wani wuri fari wani wuri duhu, kuma a toka abin ya fi fitowa fiye da ruwan madara. In gindin bangon yana jan danshi da damina har yana fitar da farin gishirin nan, a gyara wannan tukuna, babu fentin da zai zauna a kai.

Lita nawa zai ishi ɗaki sha biyu sha biyu?

In tsayin bangon ƙafa 10 ne, ka cire ƙofa da taga, kana da wajen murabba'in mita 40. Fenti mai kyau a bango mai santsi lita ɗaya tana cin kamar mita 10, za a bi shi sau biyu, ka ga lita 8 ke nan, galan biyu masu lita 4. Amma wannan lissafin bangon da aka yi wa sikiridin ne, wato shafen da ke sa filasta ta yi santsi, ko aka fara bi da farin andakot. Filasta mai kaushi tana shan fenti kamar raƙumi ya samu rijiya, mai arha kuma sai an bi sau uku, don haka ga ɗaki da falo ka sayi bokiti mai lita 20 hankalinka ya kwanta. Kuma don Allah a bar tsinka fenti da ruwa har ya koma kamar kunun kanwa, a bi abin da aka rubuta a jikin bokitin.

In fenti ya ƙare ana tsakiyar aiki fa?

Nan ne na taɓa shan kunyar da har yau ban manta ba. Wani falo ne a wani ƙauye gabas da mu, saura bango ɗaya da rabi fenti ya ƙare, mai gidan ya hau mota ya koma Kano shagon da ya saya, ba lambar haɗi a hannunsa sai murfin tsohon bokiti, suka kalla da ido suka haɗa masa. Da ya kawo na buɗe na ga kamar shi ne sak, na ci gaba daga inda na tsaya a tsakiyar bango. Washegari da hantsi muka shigo, layi ne miƙaƙƙe daga sama har ƙasa kamar an ja da zare, hagu fura dama toka, wato Agreeable da Repose a bango ɗaya ba tare da kowa ya nema ba. Mai gidan ya tsaya ya riƙe ƙugu ya ce malam wannan kuma sabon yayi ne? Da kuɗina na sake bin bangon.

Tun daga ranar, in bokiti biyu ne sai na juye su a baro ɗaya ko babban roba na gauraya kafin in fara. In kuma dole sai an ƙaro, ina tsayawa ne a kusurwa, don a kusurwa haske da kansa yake canzawa ido ba ya kama bambancin.

Imalshan ko satin ko gulos?

In da hali satin, mai ɗan sheƙin nan da ke tsakanin imalshan da gulos, don ana goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, gidan da ke da yara kuwa ka san hannun miya da gawayi ba sa neman izini. Sai dai yana tona asirin bango, duk wani tudu da kwari na filasta zai fito, kuma yana sa kalar ta ɗan fi zurfi. Imalshan mara ƙyalli yana rufa asiri amma ba ya son guga. Gulos a bar shi wa ƙofa da taga da sikatin, kuma in an shafa a bar ɗakin a buɗe kwana biyu ko uku kafin mai jego ko jariri su kwana ciki, warinsa ba abin wasa ba ne.

To kai tsakani da Allah wanne za ka sa a ɗakinka?

Mai ruwan furar, kuma shi ne a ɗakin nawa. A ɗaki goma na ƙauyen nan takwas shi zan ba su, saboda ƙurarmu da ƙwanmu da kayan ɗakinmu duk ɓangarensa suke. Repose na fi ba wa mai babban falo da manyan tagogi da farin tayil da silin POP, ko mai tagar yamma da ke shan jan haske, ko shagon ɗinki da kemis inda ake son wuri ya yi fes.

Amma kar ka ɗauki maganata ka tafi kasuwa. Ka sayi ɗan kaɗan na kowanne, ka shafa faɗin tabarmar sallah a bangon da ke kallon taga da kuma bangon da tagar take, ka bi sau biyu, ka bar tazara tsakaninsu kar su haɗu. Ka duba da hantsi, ka duba da la'asar, ka duba bayan isha'i da ƙwan da za ka riƙa kunnawa. In tsohon fentin bangon shuɗi ne ko kore ka fara rufe kewayen da fari, in ba haka ba zai ruɗe maka ido. Kwana biyu kawai, kuma ka kira uwargida ta gani don ita ce mai wuni a ciki.

Na gama fenti Baba ya leƙo ya ce yaushe za a yi fentin, wai wannan ai siminti ne. Ya zan yi da shi?

Ka gaishe min da Baba, ba shi kaɗai ba ne, ni ma wata Hajiya ta taɓa hana ni cikon kuɗina wai andakot kawai na yi na gudu. Laifin ba na tokar ba ne, rashin fari ne a kusa da ita. Toka in ba ta da abin da za ta jingina da shi siminti take komawa a ido. Ka yi wa silin fari tas, ka zagaye ƙofa da taga da farin gulos, ka ja sikatin fari ko mai duhu sosai kamar inci huɗu daga ƙasa, ka ja layin da igiya ko tef ya miƙe. Ka rataya labule, ka shimfiɗa leda ko kafet, sannan ka sake kiran Baba. In ya leƙo ya ce to yanzu dai an fara, ka karɓa a haka, daga bakin dattijo wannan yabo ne. In kuma ɗakinsa za ka yi wa fenti, ka sa masa ruwan madararsa da koren gulos a ƙasa ka zauna lafiya.